Farantin Mamman

Tun da na dawo daga Kudu ban taɓa zama a majalisarmu ta bayan la'asar ba tare da wani ya nemi in ba da labarin tafiyar ba. Na ba da shi har na gaji, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Jiya na ji wai na yi kokawa da aljani a Fatakwal har na kayar da shi. Ban yi kokawa da kowa ba. Saboda haka na ga ya fi kyau in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru; abin da wani ya ƙara daga baya, nasa ne.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon makaniki ne a Zariya. Na yi makarantar mishan a zamanin da ake duba farce da wuyan riga kafin a shiga aji, daga bisani na koyi aikin injin a hannun mutanen da ba su yarda da kalmar "kusan" ba. Ni ma har yau ban yarda da ita ba.

Ƙanwata Rabi ce ta tayar da ni. Ɗanta Isuhu yana da gareji a Fatakwal tare da abokin aikinsa Mamman, haifaffen Anacha. Wani matashi mai son gudu ya kai musu motarsa domin a sauya mata kamshaf, wato sandar ƙarfen nan mai tozaye da ke buɗe bawul ta rufe, injin ya shaƙi iska ya fitar. Wanda ya kawo ba na kamfanin motar ba ne, tozayensa sun fi tsayi, kuma irin wannan ba a ɗaura shi bisa alamun da aka zo da su. Sai an liƙa faranti mai digiri a gaban injin an auna daidai lokacin da kowane bawul zai buɗe. Mamman ne ya iya wannan. Ya fara aikin, ya tafi Anacha gaida mahaifiyarsa, mota ta buge babur ɗin hayar da yake kai, aka yi masa sutura a can.

"Yaya, yaron nan ya daina cin abinci," in ji Rabi. "Ya rufe gareji, a masallaci yake yini. Wai injin yana juyawa shi kaɗai."

Na ce, "Injin ba ya juyawa shi kaɗai."

"To ka je ka faɗa masa. Ni na faɗa, ya ce ban san komai ba. Idan aka bar shi haka, hankalinsa zai tafi."

Na haɗa akwatin kayan awona, na shiga motar safe, domin ba na shiga ta dare.

Hanya ba ta da abin faɗa har muka haye gada a Lakwaja. Daga nan shingaye suka yawaita. A ɗaya daga cikinsu aka buɗe akwatina, mai binciken ya ɗago ma'aunina mai fuskar agogo, wanda allurarsa ke motsi ko da ƙarfe ya ɗaga da kaurin gashi. Ya danna ƙafar ma'aunin, allura ta zabura, ya ja da baya.

"Baba, wetin be dis?"

Na fara yi masa bayani da Turancin da aka koya mana, tun daga tushe. Wata mata mai fataucin atamfa ta leƙo ta taga.

"Baba, don girman Allah ka ce masa agogo ne mu wuce."

"Ba agogo ba ne, Hajiya."

"To ka ce masa rediyo ne. Rana tana yi."

Ban ce ba. Mun daɗe a wurin, kuma har muka isa babu wanda ya ƙara yi mini tayin gyaɗa.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne fuskokin matattu. Da muka shiga ƙasar Ibo sai na ga hotuna manya-manya a jikin katanga da turakun lantarki, maza da mata cikin ado, suna murmushi. Na zaci 'yan takara ne. Na kusa da ni ya ce a'a, sanarwar jana'iza ce; gawar tana iya yin watanni a ɗakin sanyi kafin dangi su taru. A wurinmu wanda ya rasu da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba a kuma ajiye fuskarsa a titi. A can mamaci yana tsaye a bakin hanya yana kallon masu wucewa, har ruwan sama ya wanke masa ido. Ba na aibata al'adar kowa. Amma wanda ya saba da tamu, sai ya ji kamar ya shiga garin da matattunsa ba su gama sallama ba.

A Inugu na sauka a Uwani, gidan Alhaji Tanimu, tsohon abokina mai fataucin albasa, wanda ya fi shekara arba'in a can. Mun gaisa yadda ya kamata, gida da iyali da gajiya da mutanen Zariya ɗaya bayan ɗaya, jikokinsa na tsaye suna dariyar tsawon gaisuwar cikin harshen Ibo. Aka kawo mini okpa, wani abu mai kama da alale amma na gurjiya, a naɗe cikin ganye. Yana da daɗi, sai dai yana zama a ciki kamar bulo.

Na yi niyyar wucewa washegari, Alhaji ya ce ba zai yiwu ba, gobe Litinin, ranar da masu neman ɓallewa suka tilasta wa kowa zaman gida, ba a fita. Ban gane ba sai da na gani. Da rana tsaka na tsaya a ƙofar gida: titi mai faɗi, shaguna a rufe, babu keke, babu mai talla, babu ko yaro. Kaza ɗaya ce ke tafiya a tsakiyar kwalta. A katangar da ke fuskantarmu akwai hoton wani marigayi da ruwa ya cinye rabin fuskarsa. Can nesa, ta inda ban iya tantancewa ba, wani yana ƙoƙarin tayar da mota. Injin ya yi gurnani ya ƙi kamawa, a yi shiru, a sake. Kunnena ya gaya mini lokacin bawul ɗinsa ba daidai yake ba.

"Shigo ciki, Malam," in ji Alhaji daga bayana. "Ba a leƙe ranar Litinin."

A zaure ya gaya mini cewa labarin Isuhu ya riga ni zuwa, domin direbobin albasa suna kai magana fiye da waya.

"An ce marigayin yana da hatimi. Da shi yake tayar da injin da kowa ya kasa. An same shi a jakarsa ranar da ya rasu, yanzu yana wurin uwarsa, ta rasa yadda za ta yi da shi."

"Wane irin hatimi?"

"Na ƙarfe, kewayayye. Lambobin Arabiyya sun zagaye bakinsa, ga huda a tsakiya."

Na ajiye kofin shayina. Na ce masa da safe Anacha zan nufa, ba Fatakwal ba.

Wanda ya fito daga shirun Litinin ya faɗa Anacha, sai kansa ya yi ciwo. A bakin babbar kasuwa wani ɗan dako daga ƙasar Katsina ya fizge akwatina ya ɗora a ka tun ban yi magana ba, na bi shi da sauri ina kiran ya rage gudu, kayan awo ne ba doya ba. Shi ya kai ni bayan Kasuwar Relief, inda Inna Hajara, mahaifiyar Mamman, ke sayar da tuwo. Na yi mata ta'aziyya. Ta zuba mini tuwon shinkafa da miyar kuka wadda aka sa wa manja har ta yi ja. Ban yi ƙorafi ba, domin gidan makoki ne.

Da na ambaci abin da ya kawo ni, sai ta dubi ƙasa.

"Wani malami ya ce in jefa shi a kogi. Wani ya ce in binne. Na kasa, Malam, hannunsa ne ya yi shi. Na naɗe na ɗora a kan kwaba, na bar musu ɗakin. Tun da aka kawo kayansa ban kwana a ciki ba."

Ta buɗe mini ƙofar amma ba ta shiga ba. Ɗakin yana da sanyi irin na wurin da aka daɗe ba a numfasa a ciki ba. Rigarsa ta aiki tana rataye a ƙusa, hannuwanta a sake. Na sauko da ƙunshin, farin ƙyalle ne kamar likkafani, na fito da shi haske na warware.

Murfin tukunyar dalma ne da aka buge ya miƙe, aka huda tsakiyarsa. An tsaga bakinsa da layuka sirara, digiri ɗari uku da sittin, an rubuta lambobin da irin rubutun da ya koya a makarantar allo, suna tafiya daga dama zuwa hagu. A kan ɗari da takwas ya ɗiga jan fenti. Na fito da ma'aunina na gwada tazarar layukan a wurare dabam-dabam. Ban sami kuskure ba. Ba kasafai nake faɗin haka a kan aikin wani ba.

"Inna, wannan ba hatimi ba ne. Ma'auni ne, kamar mudu, kamar sikeli."

"To me ya sa lambobin suka yi zobe?"

"Domin injin zagayawa yake yi."

Ta daɗe tana kallona. Sa'an nan ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi.

"Ashe ɗana bai mutu da shirka ba. Har a wurin zaman makoki ana raɗa, ina ji."

Da zan tafi ta mayar da farantin cikin ƙyallen da hannunta, ta miƙo mini. "Kai wa abokinsa. Mamman ya ce mini zai koma ya ƙarasa."

Daga Anacha zuwa Fatakwal ruwa ne kawai, da dazuzzukan kwakwar manja, da ƙarin fuskoki a jikin turaku. Fatakwal kuwa gari ne da wata baƙar toka ke sauka daga sama ba dare ba rana. Ka shafa tebur, ka juya, ka tarar ta dawo. Farar rigata ba ta kai yamma ba.

Na sami Isuhu a masallacin unguwar Hausawa, ya jingina da ginshiƙi. Yaron da na sani ƙaƙƙarfa ne, wannan kuwa wuyansa kamar na kaza. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai ɗago ido ba.

"Kawu, da Mamman zai tafi ya ce, kada ka taɓa motar nan sai na dawo. Bayan an yi addu'ar bakwai mai mota ya matsa, na sayi faranti a kasuwa na ɗaura, na saita yadda na ga yana yi. Da na murza makulli sai ta yi aman wuta ta maƙogwaro, bawul suka lanƙwashe. Na sauya su. Na bar allurar farantin a kan sifili na kulle gareji. Da safe na tarar ta matsa. Na mayar. Washegari ta sake matsawa, kuma wuri ɗaya take tsayawa kullum." Ya ɗago ya dube ni. "Ya ce sai ya dawo, Kawu. To ya dawo."

"Matattu ba sa riƙe sufana. Tashi mu je."

Garejin rumfar kwano ce mai ƙofar ƙarfe, babu taga. Motar tana tsaye da buɗaɗɗen baki, an cire mata fulogi, farantin kasuwa na liƙe a gaban injin, wata lanƙwasasshiyar waya tana nuna lambobinsa a matsayin allura. Isuhu ya tsaya a waje. Na mayar da injin kan sifili da hannuna, na fito, na kulle da kwaɗon akwatina, na sa makullin a aljihu. Na kwana da shi a ƙarƙashin matashi.

Da hantsi muka buɗe. Baƙar tokar ta shigo ta ƙarƙashin kwano ta kwanta a kan komai, a ƙasa, a kan sufanar da na ajiye, a kan farantin. Babu sawun ƙafa, babu shaidar yatsa. Allurar kuwa ta bar sifili, ta yi nisa fiye da kwatar zagaye.

Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a ƙeyata. Amma an koya mana cewa kafin ka taɓa abin da ba ka gane ba, ka sa masa alama. Na ɗauki alli na ja layi ɗaya daga jikin injin zuwa kan fulin da ke juyawa, a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya. Sa'an nan na kira Isuhu.

"Shigo. Wannan injin ta ina yake juyawa?"

"Hagu, Kawu. Irinsu duk haka suke."

"Farantin da ka saya fa, don wane injin aka buga shi?"

Ya matso, ya karanta. Na kasuwa an yi shi ne don injin mai juyawa dama, kamar yawancin motoci. A kan wannan, duk inda aka rubuta "kafin" yana nufin "bayan". Ya sa bawul ya buɗe a lokacin da fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, ke tahowa, suka yi karo.

Na warware farin ƙyallen. Isuhu ya ja da baya har ya bugi ƙofa.

"Dubi lambobin," na ce. "Daga dama zuwa hagu. Mutane sun ga rubutun allo sun ce asiri ne. Abokinka ya bi hanyar da injin ke bi, shi ke nan. Karɓi ka ɗaura."

"Kawu, ka ɗaura da kanka."

"Ni baƙo ne. Garejinka ne."

Ya karɓa ya ɗaura. Ban taɓa sufana ba a duk yinin. Na zauna a kan benci ina ba da umarni. Da farko muka nemi ainihin ƙololuwar fistin, domin alamar kamfani ba abin dogaro ba ce a injin da aka goge masa kai. Ya ɗaura wani tsohon fulogi mai dogon ƙusa a ramin silinda ta farko, ya juya a hankali har fistin ya tokare, ya karanta. Ya juya baya har ya sake tokarewa, ya karanta. Tsakiyar lambobin biyu ita ce sifili na gaskiya. Na sa ya maimaita. Ya ce ai ya fito daidai. Na ce ya maimaita.

Daga nan ya kafa ma'aunina mai fuskar agogo a kan bawul ɗin shan iska, muka nemi tsakiyar tozo. A gindin kamshaf ɗin an buga lambar da maƙerinsa ke so, ɗari da takwas, daidai da jan ɗigon Mamman. Namu ya kauce. Ya sassauta kusoshin giyar kamshaf, ya gusa kaɗan, ya ɗaure, ya auna. Ya zarce. Ya dawo. A wani lokaci ya ce, "Kawu, kusan ya yi," na dube shi, ya sake sassautawa ba tare da na buɗe baki ba. Na lura tsoron ya sake shi. Har ya fara yi wa kusoshin faɗa da Turancin kasuwa kamar yadda ya saba.

Bayan la'asar allurar ma'auni ta tsaya a ƙololuwa, wayar kuma ta zauna a kan jan ɗigon, ba gaba ba baya. Isuhu ya miƙe yana share gumi, ya fita neman ruwa. Ni kuwa na sunkuya domin in duba bel.

Layin allina ya haɗu. Rabin da ke jikin injin da rabin da ke kan fuli sun zama layi ɗaya, kamar yanzu na ja shi. Wurin da injin ke zuwa ya tsaya kowace safiya shi ne ɗari da takwas, a kan farantin da a ranakun farko yake can Anacha, a naɗe a kan kwaba.

Na ji takunsa yana dawowa. Na sa babban yatsa na goge allin.

"Kawu, to juyawar fa? Me ke juya shi?"

"Sababbin sifirin ɗin bawul suna da ƙarfi, fulogi kuma a cire. Sifirin yana iya motsa injin."

Ban yi masa ƙarya ba: sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke mayar da bawul ya rufe, yana iyawa. Abin da ban ƙarasa ba shi ne, ɗan gusawa kawai yake iya sa shi, kuma gangare yake tura ƙarfe. Daga sifili zuwa ɗari da takwas hawan tozo ne, sai an danne sifirin ɗin kafin a kai. Isuhu ya yi dariya, karo na farko tun zuwana, ya ce, "Sifirin. Wallahi sifirin."

Na hana a tayar da mota a ranar, domin ba na gwada injin da gajiya a jiki. Muka bar allura a kan sifili, na kulle. Da safe, ranar Alhamis, tokar ta kwanta kamar kullum, allurar tana nan inda muka bar ta.

"Ka gani, Kawu, sun zauna," in ji Isuhu.

Na ce na gani. Sifirin ɗin jiya ne, babu wanda ya sauya su.

Ya cire farantin, ya mayar da fulogi, ya yi bisimilla ya murza makulli. Bugu ɗaya ta kama. Ta yi ɗan ɗingishin nan da dogayen tozaye ke sa injin yi a tsaye, da ya taka kuwa ta buɗe murya har kwanon rumfa ya amsa. Maƙwabta suka taru. Isuhu ya rataye farantin a bango, ya ja ni wurin wata mata mai gasa ayaba da kifi, ya ci nasa ya ci rabin nawa. A can ayaba abinci ce, ba abin marmari ba, kuma barkononsu ba shi da ladabi.

Yanzu yana aiki, Rabi ta ce ya yi ƙiba. Wanda ya je Fatakwal daga cikinku, ya gaishe shi, ya yaba masa gareji, ya bar maganar alli a nan Zariya.

A hanyar dawowa na tsaya a Anacha, domin wanda aka ba amana ya kamata ya koma da bayani. Na sami Inna Hajara tana kwashe tuwo. Ƙofar ɗakin a buɗe take, an shanya tabarma a rana, rigar aikin kuma an wanke ta an ninke.

"Inna, an ƙarasa aikin."

"Na sani, Malam," ta ce, ba ta ko ɗago daga tukunya ba. "Tun ranar Alhamis na koma kwana a ciki."

Na tambaye ta ko Isuhu ya yi mata waya. Ta ce wayarta ta faɗa ruwa tun kafin rasuwar. Ta zuba mini tuwo, da jar miyar nan, na cinye duka.